Irin Da Bai Nutse Ba

Tun da aka idar da sallar asuba Raishatu ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gida, ta koma ta sake sharewa. Ta sauko da gorar irin kuɓewa daga rataye, ta girgiza ta a kunne, ta mayar, can kuma ta sake saukowa da ita.

Yau Asabar, ranar bikin lambu a bakin tafkin ƙauyensu, yamma da Gangara. Yau ne kuma wa'adin da mahaifinta, Malam Attahir, ya ɗibar wa Rissa yake cika.

Rissa makiyayi ne. Farin bara, na shekarar tamanin da huɗu, shi ya koro shi daga arewa tare da kawunsa Alhassan. Raƙuma talatin da biyu suka baro kwance a hanya, suka iso da taguwa ɗaya. Maigari ya yanka musu fili a ƙetaren tafki, aka ba su guga da iri, aka ce su koyi lambu kamar kowa. A bakin rijiyar lambu suka san juna da Raishatu. Da damina ta kama, Alhassan ya zo zauren Malam Attahir nema wa Rissa aurenta.

Malam Attahir bai ɓoye masa komai ba.

"'Yata bazawara ce, ba zan yi mata dole ba," ya ce. "Amma na taɓa ba matafiyi ita. Da yunwa ta shigo ya ce zai je Kurmi ya dawo, takardar saki ce ta dawo a hannun direban kamiyo, babbar motar kaya. Ɗanku kuwa, ranar da ciyawa ta tsaya a arewa zai ɗaure kayansa. Ban ga laifinsa ba, haka kuka tashi. Ni dai ba zan sake ba."

Da Alhassan ya matsa, sai ya kafa sharaɗi.

"Ya noma wani abu da hannunsa, ya cire iri da hannunsa, kada kowa ya koya masa. Ya shimfiɗa tabarma ranar bikin lambu. In manomi ɗaya tak ya yarda ya yi musaya da shi, ku dawo mu yi magana. Kafin nan ba zance tsakaninsu, ko a bakin rijiya."

Wata biyar ke nan. Daga nesa Raishatu take hango kuɓewar Rissa, ta fi ta kowa tsayi a ƙetaren tafki, don in ruwa ya ɗauke kwana uku sai ya bi ta da guga kamar yana shayar da garke. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Da kaka ta yi, ta bi ta gefen shingensa da gangan, ba ta ga ƙwanso ko ɗaya busasshe a jikin kara ba. Ta ce wa kanta ai ya riga ya cire. Tun ranar take maimaita wa kanta haka.

Sallama aka yi daga ƙofa. Gwaggo Lantana ce, yayar Malam Attahir, da wata babbar ƙwarya a hammata. Ita ce mai gwaji a biki. Duk irin da za a yi musaya da shi sai ta jefa kaɗan a ruwa a gaban jama'a. Wanda ya nutse mai rai ne. Wanda ya taso fanko ne, ba mai karɓarsa.

"Ina kwana, Gwaggo."

"Lafiya lau. Ke kuma me kike nema a ƙasa, kin share har kin kusa tono ruwa? Zauna, 'yar nan. Kin ji labarin baƙin ƙetare?"

"Wane labari?"

"Tsohon ya sayo awaki goma sha biyu a kasuwar Belbeji. An gan shi yana ɗinkin salkar ruwa. Jibi Litinin za su ɗaga."

"Kawunsa ne zai tafi."

"Shi ya gaya miki? Ai ba kwa magana."

Raishatu ta shiga murza igiyar gorar.

"Uwarsa na can arewa da rai, wajen 'yan'uwanta," Gwaggo ta ci gaba. "Kina ganin ɗa zai zauna yana ban ruwan latas, uwarsa na aiko masa? Ni na karɓe ki ranar da aka haife ki. Ni na kwana da ke wata uku lokacin da kike fita bakin hanya duk sa'ad da kika ji ƙugin mota. Ba zan iya na biyu ba, na tsufa."

"Gwaggo..."

"Bari in gama. Zakari ɗana ne, za ki ce son kai. To, son kai ne. Amma shekara shida ya yi a Arlit, ya dawo ya yi ɗaki da kwano a garin ubansa. Mun ga tafiyarsa, mun ga dawowarsa. Wancan ba mu ga komai ba tukuna."

Hawaye ya zubo wa Raishatu, ba ta share ba.

"Zakari ɗan'uwana ne, ba ni da abin faɗa a kansa. Amma in ya shigo gidan nan, daidai yake da shigowar Baba a wurina. In gaishe shi, in ba shi ruwa, in koma aikina. Shi wancan, ranar da igiyar gugata ta tsinke, maza biyar na tsaye suna dariya, ya tuɓe takalmi ya shiga rijiyar ya ɗauko, ya ajiye ya tafi. Bai ko tsaya in yi masa godiya ba. Na san zai iya tafiya, Gwaggo. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi. Amma ku bari ya tafi da ƙafarsa in zai tafi. Kada ku kore shi, sannan ku zo ku ce mini kin gani."

"Wa ya kore shi? Tabarma aka ce ya shimfiɗa."

Raishatu ta matso ta kama gefen zanenta.

"Gwaggo, don Allah, in irinsa ya zo gabanki..."

"Kada ki ƙarasa." Tsohuwar ta janye zanenta. "Tun kafin a haife ki matan garin nan ke kawo mini iri in duba. Mutum ya shuka fanko, ya yi ban ruwa kwana ashirin yana jira, wa ke da alhaki? Ko na Zakari ne ya taso zan faɗa. Wanke fuskarki, kada ubanki ya gani."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Da hantsi Raishatu ta kama hanyar tafki, tabarma a kai, gora a hannu. Ba ta yi nisa ba ta ji babur a bayanta. Zakari ne, ya ɗaure kwali a mazauni, ya sa baƙin tabarau.

"Taubashiya! Hau in rage miki hanya, kada rana ta ƙara miki baƙi."

"Ƙafata lafiyarta ƙalau. Me ka ɗauko a kwali, sardin?"

"Iri ne daga Damagaram, cikin gwangwani, da hoto a jiki. Karas, kabeji, latas. Ko makaho ya shuka sai ya fito."

"To ka nemo makahon, don kai dai ban taɓa ganin ka da guga ba."

Ya yi dariya. Ya kashe babur ɗin yana tura shi a gefenta. Sun yi taku kamar ashirin kafin ya cire tabarau.

"Raisha, ban da wasa. In ya naɗe tabarmarsa yau ba wanda ya karɓa, gobe zan turo manya wajen Kawu."

"Turo. Akwai ruwa a randa, za a ba su su sha."

"Ni ban taɓa roƙon Allah Ya kunyata mutum ba," ya ce. "Amma ba zan yi miki ƙarya ba, yau ban roƙa masa komai ba."

Ya tayar da babur ya wuce.

Bakin tafki ya cika. 'Yan samariya, ƙungiyar matasan gari, sun kafa rumfar zana, suna kaɗa ganga. Matan Falanko sun zo a amalanke biyu, na Ollelewa tun jiya suka sauka wajen dangi. Ma'aikacin gona da aka turo daga Tanut ya hau kan tebur ya yi jawabi, rabi da Faransanci, ba wanda ya saurara. Kowa idonsa na kan tabarmin da aka jera ƙarƙashin bagaruwa.

A wannan fili kuɗi ba ya aiki. Ludayi da ludayi ake yi, ko cokali da cokali in irin mai tsada ne. Fari ya cinye irin gidaje da yawa, wasu da bakinsu suka cinye shi da yunwa ta yi tsanani, shi ya sa kowa ya zo neman abin da ya rasa. Mai yakuwa na neman kabewa. Mai barkono na neman albasa. Wata tsohuwa ta ɗaure irin gurji a bakin zane, ta ƙi kwancewa sai an nuna mata farin wake.

"Cika ludayin mana, Ladi, ko hannunki ciwo yake?"

"Naki da kika cika, rabi ba toka ba ce?"

"Tokar ce ta hana ƙwaro ci, marar godiya!"

Raishatu ta shimfiɗa tabarmarta, nan da nan mata suka kewaye ta. Jar kuɓewar gidansu sananniya ce. Marigayiya mahaifiyarta ce ta zo da irin daga Ollelewa ranar da aka kawo ta, kuma duk ƙasar nan a gorar nan kaɗai ya rage bayan fari.

"Sai an jima," ta ce musu. "Ban buɗe ba tukuna."

"Me kike jira, azahar?"

Raishatu ta dafe bakin gorar. Idonta na can ƙarshen layi.

Rissa na zaune shi kaɗai a kan ƙaramar tabarma, ya naɗa rawaninsa na shuni wanda ba ya sawa sai Juma'a. A gabansa faifai ne da wata jakar fata mai tuntaye, irin wadda suke zuba ganyen shayi. Kawunsa Alhassan na tsaye a baya, riƙe da akalar taguwa. Malam Attahir kuwa yana cikin rumfa kusa da Maigari, yana jan carbi, bai dubi kowa ba.

Gwaggo Lantana ta fara bin layi da ƙwaryarta. Ta tsuguna, ta ɗiba, ta jefa, ta jira. "Ya nutse!" Sai a yi guɗa, musaya ta kama. Na Zakari ma ya nutse, ya ɗaga gwangwani sama yana juyi kamar shi ya haifi irin. Raishatu ta tashi ta zauna ya fi sau biyar. Ta ƙirga tabarmin da suka rage. Bakwai. Huɗu. Biyu.

Da tsohuwar ta isa gaban Rissa, ganga ta tsaya ba tare da an ce a tsaya ba. Duk garin ya san sharaɗin.

Ya gaishe ta cikin ladabi, ya kwance bakin jakar, ya juye a faifai.

Daga inda take Raishatu ta hango shi. Irin kuɓewa mai kyau baƙi-baƙi ne, mulmulalle, mai nauyi. Wannan fari ne, ƙanana, duk ya yamutse.

Gwaggo ta ɗiba ta jefa. Ya bazu a saman ruwa. Ta jira. Ta sa yatsa ta juya, ya zagaya ya dawo ya tsaya. Ta kwashe, ta ɗibi na biyu daga wani gefe. Haka. Na uku ta cika tafin hannunta, ta zuba, ta daɗe tana kallo fiye da yadda ta yi wa kowa.

Ko ƙwaya ɗaya ba ta sauka ba.

"Ɗan nan," ta ce, "yaya ka cire irin nan?"

"Na zaɓa ne, Inna," Rissa ya amsa da Hausarsa ta kasuwa. "Kowace safiya ina bi. Ƙanana masu laushi, waɗanda ba su da tabo ko ɗaya, su na tsinke. Na shanya a inuwa, na fasa da hannuna."

"Manyan fa? Waɗanda suka ƙosa suka yi tauri?"

"Na ba taguwa."

"Duka?"

"Duka. Tsofaffi ne, Inna. A garke ƙanana ake ajiyewa don gaba, tsoho ake fitarwa."

Sai wata daga matan Falanko ta ƙyalƙyale da dariya.

"To a kawo taguwar a jefa ta a ƙwarya, irin na cikinta!"

Fili ya ɗauka. Maza na riƙe ciki, mata na tafawa, wani ya faɗi daga kan amalanke. Ma'aikacin gona ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Zakari bai yi dariya da ƙarfi ba, tabarau ya mayar.

Rissa ya dubi ƙwaryar, ya dubi faifan. Sai yanzu ya gane. Ya ja rawani ya rufe har ƙasan ido.

"Kuɓewar iri barin ta ake yi a jikin kara," Gwaggo ta ce a hankali, ba dariya a fuskarta. "Ta tsufa, ta bushe, har ta fara tsagewa da kanta. Wannan ko shekara ya yi a ƙasa ba zai fito ba. Fanko ne."

Ta miƙe. Alhassan ya faɗi wata gajeriyar magana da yarensu, Rissa ya kama bakin tabarma zai naɗe.

"Tsaya."

Raishatu ce. Ba ta san sa'ad da ta keta layin ba. Ta durƙusa a gaban tabarmarsa, ta dire gorar.

"Ina son musaya."

Hayaniya ta mutu.

"Ke!" Gwaggo ta ce. "Kin ji abin da na faɗa kuwa?"

"Na ji. Jar kuɓewar Inna ce, gora guda. Ya ba ni nasa duka, in ba shi nawa duka."

"Wayyo, jar kuɓewar!" wata ta yi ƙara daga baya. "Tun daga Ollelewa muka zo dominta!"

Malam Attahir ya fito daga rumfa. Bai yi sauri ba. Ya tsaya a kanta, ya kira ta da sunan da yake kiran ta a gida.

"Auta, tashi."

"Baba, ka ce in manomi ɗaya ya karɓa."

"Manomi na ce."

Ta ɗago, fuskarta jiƙe.

"Baba, tun da Inna ta rasu, wa ke ban ruwan lambunka? Wa ya yi dashen albasar bara? Ranar da ƙafarka ta kumbura, wa ya kai tumatir Gangara? In ni ba manomiya ba ce, ka faɗa a gaban mutane, in tashi."

Bai faɗa ba. Maigari ya matso yana gyara murya.

"Malam Attahir, ina zaune a zaurenka ranar da ka yi maganar nan. Ba ka ce namiji ba, ba ka ce ban da 'yarka ba. Kuma a filin nan ba a hana mutum karɓar abin da ya gani da idonsa ya ce yana so. In sun yi musaya, sharaɗi ya cika."

Wasu 'yan mata suka fara guɗa. Raishatu ta tura gorar gaba har ta taɓa gwiwar Rissa.

"Ɗauka," ta ce ƙasa-ƙasa. Kafin yau, wata biyar rabon da ta yi masa magana. "Don Allah ɗauka."

Bai taɓa ba. Ya sa bayan hannu ya mayar da gorar gabanta.

"A'a."

"Rissa!"

"Ba zan karɓa ba." Ya sauke rawanin daga bakinsa don kowa ya ji. "Da ban sani ba, da na bayar. Yanzu na sani. A wurinmu, mutumin da ya ba wani raƙuma juya yana sane, ya karɓi mai ciki, ba a sake shan shayi da shi. Ko shi mai karɓar ya ce ya yarda. Wannan irin mahaifiyarki ne, matan nan sun yi tafiyar kwana dominsa. In ba ki matacce in ɗauke shi?"

"Ni na ce ina so! Ina ruwanka da abin da zan yi da shi? Wata biyar ina kallon ka daga ƙetare kamar baƙo, yau an buɗe ƙofa kai ne za ka rufe? In tafiya kake so ka yi, ka faɗa. Na ji an ɗinka salka. Ka faɗa mini a nan, kada ka ɓuya a bayan shayi!"

"Ba tafiya nake so ba."

"To ɗauka!"

"Ba ta wannan hanya ba. In na shiga gidanku da wannan, duk ranar da mahaifinki ya dube ni, ƙwaryar nan zai gani. Ni ma ita zan gani."

Ta rufe fuska da mayafi, kuka ya ƙwace mata. Rissa ya juye farin irin a ƙasa, ya kakkaɓe faifan, ya miƙe ya fuskanci Malam Attahir.

"Malam, na faɗi. Ban iya ba. Ka yi haƙuri da ɓata maka lokaci."

Malam Attahir ya daɗe yana duban sa. Ya sa carbi a aljihu.

"Maigari ya ba ka, ita ta ba ka, ka ƙi."

"Na ƙi."

"Wancan mijin nata na farko, duk abin da aka miƙa masa karɓa yake yi." Ya dubi farin irin da ke zube a ƙasa. "Kuɓewa ba ta son sanyi. Sai sanyi ya fita ake shuka ta lambu, ta bushe a kara gab da damina. Daga yau wata bakwai ke nan. In kana garin nan ranar, ka kawo wa yayata abin da ka cire ta jefa a ruwa. Wannan karon ni zan koya maka, tun da na ga ba a haife ka da shi ba."

Alhassan ya matso da taguwar. Ya yi magana mai tsawo da yarensu, muryarsa na hawa tana sauka, yana nuna arewa da sanda. Ba wanda ya ji, amma kowa ya gane. A ƙarshe ya juya Hausa.

"Litinin da hantsi. Mahaifiyarka za ta tambaye ni. Me zan ce mata?"

Raishatu ta daina kuka. Ta sauke mayafin tana kallon bakin Rissa. Fili duka shi yake kallo.

Ya je ya dafa wuyan taguwar, ya daɗe hannunsa na wurin. Ita kaɗai ta rage daga garken ubansa.

"Kawu, tafi da ita," ya ce da Hausa. "Ka kai wa Inna, ta sha nono. Ka ce mata ina da aiki a nan har damina. In an gama zan zo in gaishe ta, ba ni kaɗai ba in Allah Ya yarda."

"Ba raƙumi? Da me za ka zo, da guga?"

"Akwai kamiyo."

Tsohon ya tofar da yawu gefe, ya ja akala ya juya. Bai yi wa kowa sallama ba. Rissa ya bi su da ido har suka sha kan shinge.

Mai ganga ya ɗan taɓa, ya ga ba wanda ya hana, ya ci gaba. Matan Ollelewa suka yo kan gorar kamar za su cinye ta. Gwaggo Lantana ta watsar da ruwan ƙwaryarta, ta wuce ba ta dubi ƙanenta ba. Zakari ya tura babur ya tsaya kusa da Raishatu.

"Wata bakwai da yawa, taubashiya. Zafin bazarar ƙasarmu ta Damargu ba na baƙo ba ne. Ina nan, ban je ko'ina ba."

"Ka sayi guga kafin nan," ta ce, tana share ido.

Sai da ta auna wa mata cokali-cokali, ta karɓi yakuwa da kabewa da irin albasa, sannan ta naɗe tabarma. Malam Attahir na jiran ta a bakin hanya. Suka kama hanyar gida, shi a gaba, ita a baya.

"Baba, yanzu zan iya yi masa magana?"

"A lambuna. Ina tsaye."

Suka ƙara tafiya.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"In ya tafi kafin wata bakwai, kada ki yi mini kuka a gida."

"To. In ya zauna fa?"

Malam Attahir ya hango Gwaggo Lantana can gaba, tana tafiya da sauri ƙwarya a kai, ko waiwaye ba ta yi. Ya rage tafiya.

"In ya zauna, ke za ki gaya wa Gwaggonki da bakinki. Ni ba zan iya ba."